Mari Ba Ya Raba Yaro Da Ƙwaya

Duk ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, a Bauchi kamar sauran jihohi sai an taru, an sa riguna masu rubutu, an yi jawabi, an ɗauki hoto, an watse. Sauran ranakun shekara kuma labarin ɗaya ne a rediyo: an kama katan kaza na tiramol, an kama buhu kaza na wiwi, an jera samari a ƙasa an haska su da kyamara. To, sai me? Wannan tambayar ce take ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron nan da aka jera, bayan an kashe kyamara ina aka kai shi, wa ya zauna da shi, me aka koya masa? Ba mai faɗa maka. Ka jira wata biyu, za ka gan shi a lungun da aka ɗauko shi, ido jajir, murya a shaƙe, yana layi. Na gaji da wannan wasan, kuma na san kai ma ka gaji, domin da wuya a sami zuri'a a garin nan da abin bai taɓa ba.

Ba ƙaramin abu muke magana a kai ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, daga shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a cikin shekara guda. Kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu ciwo, ba sa iya bari da kansu. Jihar Bauchi kaɗai an ƙiyasta mata mutum sama da rabin miliyan. Rabin miliyan, jama'a! Gidan yari nawa za a gina? Bulala nawa za a yanko?

Amma bulalar muka sani. Yaro ya fara ƙwaya, sai uba ya dake shi, yayye su dake shi, 'yan sintiri su aske masa kai. Bai bari ba, sai a ce ya kangare, a nemi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Kafin shekarar ta ƙare an fasa irinsa a Daura, da Katsina, da Zariya, da Ilori, da Ibadan. Ƙasa ta ɗauki salati. Abin da muka ƙi tsayawa mu kalla shi ne, da yawan waɗanda aka kwance ɗin iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Ni ban ga laifin uwar da ta rasa barci, ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki da tukwane, ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa sai wannan ba. Laifin yana kan waɗanda suka bar ta da ƙofa ɗaya tak. An rufe gidajen, an yi wa masu su tofin Allah tsine, ba a buɗe abin da zai wadatar a madadinsu ba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma haramta ɗaure majinyata da sarƙa. Doka ce mai kyau. Sai dai uwar nan da ke Jahun ko Bakin Kura ba takardar doka za ta rungume ba idan ɗanta ya shigo tsakar dare yana neman ɓalle ƙofa.

Haka aka yi da kodin. A 2018 BBC ta fitar da binciken da ya tona yadda ake safarar maganin tarin nan, nan da nan gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi. Daidai ne. Amma masu shan fa? An ɗauke kwalba, an bar ƙishin. Wanda ya rasa kodin ya koma roci, ya koma ekzol, ya koma sholisho, ya koma a-kurkura. An kashe maciji ba a sare kai ba.

Tushen ɓatan namu, a ganina, yana cikin maganar da muke yawan yi: hali zanen dutse. Da mun faɗe ta mun yanke wa yaro hukunci, mun kuma wanke hannunmu. Alhali jarabar ƙwaya koyonta ake yi, kaɗan-kaɗan, har ƙwaƙwalwa ta haddace. Ta haddace cewa in rai ya ɓaci ga abin da ke sanyaya shi. Ta haddace wuri, da lokaci, da fuskokin abokai, da warin hayaƙi, har da ƙarar babur ɗin mai kawo kaya. Fitar da ƙwayar daga jini shi ne ƙaramin aikin: kwanaki ne, ko mako ɗaya zuwa biyu na zufa, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci, kuma wannan aikin likita ne, domin yanke wasu ƙwayoyin barci farat ɗaya na iya jefa mutum cikin farfaɗiya. Wanda aka ɗaure wata shida jininsa ya wanku, babu musu. Haddar nan kuwa tana nan daram, ba abin da ya taɓa ta. Ka tsamo mutum daga rijiya, ka shanya shi ya bushe, ka mayar da shi bakin rijiyar ido a ɗaure, sannan ka yi mamaki don ya sake faɗawa? Abin ma ya fi haka muni: jikinsa ya daina jure yawan da ya saba, sai ya fito ya haɗiyi irin na da, tiramol mai lamba 225 alhali na asibiti 50 ne ko 100, a wayi gari ana wanke gawa. Sai mu ce ajali.

Akwai wani darasi da ya kamata ya dame mu. A yaƙin Biyetnam kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka sun kamu da jarabar hiroyin. Hukumomi suka tsorata, ana jiran bala'i in sun koma gida. Wata masaniya, Lee Robins, ta bi sawunsu, ta tarar a shekarar farko kusan biyar cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar. Me ya faru? Sun bar dajin, sun bar fargabar mutuwa, sun bar abokan sha da mai sayarwa, sun koma ga iyali da aiki. Yaranmu kuwa daga gidan horo kai tsaye suke komawa majalisar da ta lalata su, ba sana'a, ba makaranta, ba mai yarda ya ba su ko da aron waya.

Shi ya sa maganin da aka gwada aka ga yana ci, maganin sauya hali ne, kuma da baki da zama ake yin sa. Kada ka ce mini wa'azi ne ko nasiha, mun yi nasiha har maƙogwaro ya bushe. Horo ne mai tsari, mako-mako, tsakanin majinyaci da wanda aka koya wa aikin. Wanda ya fi shahara shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likita Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, Alan Marlatt kuma ya juya shi ga masu shaye-shaye a shekarun 1980. Ɗauki ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Wunti da Yalwa. Za a zauna da shi a warware ranarsa zare-zare. Yaushe ƙishin ke taso maka? Da la'asar, in baya ya ƙage, ga balas ban haɗa ba. Me zuciyarka ke ce maka a lokacin? In ban sha ba ba zan iya ƙarasa aikin ba. To, wannan maganar gaskiya ce, ko ƙwayar ce ke magana da bakinka? A wace kwana mai sayarwa yake? Wace hanya za ka bi ka kauce masa? In abokinka ya miƙo maka, me za ka ce? Faɗi in ji. Sake faɗi. A yi ta maimaitawa a ɗaki har bakinsa ya saba da cewa a'a kafin ya je titi. A koya masa cewa ƙishin ƙwaya yana tasowa ne ya yi ƙarfi sannan ya lafa da kansa in an daure na ɗan lokaci, a shirya masa abin yi a wannan ɗan lokacin: ya yi alwala, ya kira wani da ya amince da shi, ya bar wurin. Ya dawo mako mai zuwa ya faɗi inda ya ci nasara da inda ya zame, a gyara. Ka gaya mini, a cikin duk wannan, wanne bulala ke koyarwa?

Ga kuma yadda ake shawo kan wanda bai ma yarda yana da matsala ba. William Miller ya fito da hanyar a 1983, bayan ya lura cewa in ka tasa mai shaye-shaye a gaba da faɗa da gori, kare kansa yake yi, yana ƙara kafewa. Sai ya juya abin: a tambaye shi, a saurare shi, har shi da bakinsa ya faɗi abin da ƙwaya ta raba shi da shi, da irin mutumin da yake son zama. Dalilin da mutum ya furta da kansa ya fi zama a zuciyarsa fiye da wanda aka ɗura masa. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu Musulmi ne ya kamata mu riga kowa sanin wannan. Giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki aka bi da mutanen da suka tashi cikinta, kuma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da haramcin ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari. A Sahihul Buhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya la'ance shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, amma ba a yar da shi ba. Mu kuwa la'ana muke fara yi. Uba ya ce na sallama ka, unguwa ta sa masa suna ɗan ƙwaya, a hana shi aure, a hana shi sahu. Addu'a da Alƙur'ani ginshiƙi ne ga mai neman tsira, ba wanda ya isa ya raba mu da su. Sarƙa da yunwa da duka har jini kuwa, a nuna mini inda aka koyar da su a matsayin magani.

Yanzu ana ta kiran a riƙa gwajin ƙwaya kafin aure, kafin shiga jami'a, kafin ɗaukar aiki, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, Buba Marwa, ya daɗe yana wannan kira. Na ji. Amma in an gwada an samu fa? A kore shi, a fasa auren, ya koma lungu da sabon dalilin sha? Gwajin fitsarin nan da muke son mayarwa abin tona asiri, wasu magani suka mayar da shi. A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada shi a kan masu shan hodar iblis: duk ranar da fitsari ya fito tsaf, a ba majinyaci takardar sayen kaya, ba tsabar kuɗi ba. In ya jera, ladan ya ƙaru. In ya zame, ladan ya koma farko, ba zagi, ba kora. Mutane suka zauna a jinya, suka jera makonni ba su sha ba. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka sun ɗauki tsarin tun 2011, jihar Kalifoniya ta sa shi a inshorar lafiyar talakawa a 2023. Na san abin da za a ce a majalisa: a biya ɗan ƙwaya don ya bar ƙwaya? E, a biya shi! Mudun shinkafa, katin waya, kuɗin koyon walda ko ɗinki. Ƙwaya lada take biya nan take, shi ya sa take cin galaba, mu kuma muna ce wa yaro ya jira shekara biyar ya ga amfanin natsuwa. Kuma a ƙasar da ake raba wa waɗannan yaran kuɗi don su yi maye su fito da adda, wa ke da bakin cewa ba shi lada don ya natsu ɓarna ce?

Iyaye ma akwai nasu horon, kuma a nan ne na fi jin zafin asarar da muke yi, domin mu masu dangi ne. Robert Meyers da abokan aikinsa sun tsara yadda za a koya wa uwa ko mata ko ɗan'uwa zama da mai shaye-shayen da ya ƙi zuwa asibiti: yaushe za a yi masa magana, wato lokacin da yake cikin hayyacinsa, yadda za a nuna masa farin ciki ranar da bai sha ba, yadda za a daina rufa masa asiri da biyan bashin da ya ci, ba tare da faɗa ko kora ba. A gwajin da aka buga a 1999 kan masu jarabar giya, 64 cikin 100 na iyalan da aka horar sun shawo kan nasu ya shiga jinya. Inda aka shirya dangi su taru su tsare shi da magana, 30 ne kawai. Mu wannan taron dangin muka iya, a zaunar da yaro a tsakiya, kawu ya zage shi, gwaggo ta yi kuka, a sa shi rantsuwa da Alƙur'ani. Ya rantse, ya karya, yanzu ga jaraba ga nauyin rantsuwa.

Matan kuwa ba a ma maganarsu. Binciken 2018 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Ina suke? Suna cikin ɗaki. Amaryar da aka kai gidan da ba mai yi mata magana, matar da kishi da baƙin ciki suka hana barci wata ƙawa ta ba ta abin da zai kwantar mata da hankali, budurwar da aka koya wa a gidan biki. Namiji in ya lalace ana neman masa magani ko da na mugunta ne. Mace takardar saki ake miƙa mata, a ƙwace 'ya'ya, gidansu kuma a kulle ta don kada a ji. Wace mace ce za ta tako asibitin ƙwaƙwalwa da rana tsaka ta ce ina shan ƙwaya, ta san kafin ta koma gida labari ya riga ta? Sai an kai mata taimakon inda take zuwa ba tare da tsegumi ba, wurin awo da rigakafi, a bakin mace 'yar'uwarta da aka horar ta kuma iya riƙe sirri.

Wani zai ce ai an kai wane asibiti ya dawo ya ci gaba, duk ɓata kuɗi ne. Ƙididdigar masana ta nuna 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar jaraba sukan zame, kusan daidai da yadda ciwo ke dawo wa masu hawan jini da asma. Ka taɓa jin an kori mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa? Komawa asibiti yake yi a gyara masa magani. Masana sun kuma nuna jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne, kuma bibiya bayan sallama ita ce ƙashin bayan aikin. Mu sai a kwantar da yaro mako biyu, a yi masa allurar barci, a sallame shi, ba wanda zai sake tambayarsa ya yake. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai uzurin da aka saba: babu likitoci. Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum ficewa suke yi. Sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ba zai ɗauke ƙananan hukumomi 20 ba, mutumin Zaki ko Gamawa ko Alkaleri ba zai iya zuwa Bauchi kowane mako ba, balle a ce masa ya nufi asibitin tarayya na Maiduguri ko na Kaduna. Amma wannan aikin ba lallai sai likita ba. A Harare, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suka riƙa zama da masu ciwon damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida, aka gwada aka ga yana aiki. A Goa ta Indiya an horar da mutanen da ba likitoci ba suka yi wa masu shan giya irin wannan zama, aka buga sakamakon a 2017, masu bari suka ƙaru. Ba sai mun tsallaka teku ba ma: tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe, ana jinya cikin jama'a. Ɗan Najeriya ne ya yi wannan, duniya ta zo ta koya. Mu a Bauchi muna da ƙananan asibitoci a unguwanni da ƙauyuka, muna da ma'aikatan lafiya na matakin farko, muna da malaman Islamiyya da limamai da fastoci da jama'a ke jin maganarsu, muna da masu digiri da NCE da ke zaune a gindin bishiya ba aiki. Ɗaki ɗaya, kujeru biyu, horo na gaskiya, likita mai duba aikinsu lokaci-lokaci, da albashin da ba a riƙewa. Bai kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba a ce an fara a cikin gari.

To me ya hana? Ba na son in faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya zauna a Bauchi ya san 'yan sara-suka, ya san lokacin da suke ƙiba da lokacin da ake mantawa da su. Yaron da ke cikin hayyacinsa, mai sana'a, mai iyali, ba zai rataya a bayan mota yana wasa da wuƙa don an ba shi dubu biyu ba. Sai wanda aka yi wa caji. Mai sayen ƙwayar a kakar zaɓe shi ne mai hawa mumbari bayan zaɓe yana kukan tarbiyya ta lalace, yana ɗora wa iyaye laifi. Nasa ɗan in ya kamu, a asirce ake fitar da shi Abuja ko ƙasar waje, inda za a zauna da shi a yi masa irin wannan jinyar ta zama da saurare da na bayyana. Ashe sun san tana aiki. Ɗan talaka ne kawai aka ga ya dace da mari.

Kasafin kuɗin jiha zai sake zuwa gaban Majalisar Dokoki. Ina son in buɗe shi in ga layi guda da aka rubuta ƙarara: horar da masu jinyar shaye-shaye a ƙananan asibitoci, mutum kaza, naira kaza, da mata a cikinsu, da wanda za a kama in kuɗin bai fita ba. In babu wannan layin, duk ɗan majalisar da ya shigo unguwarmu neman ƙuri'a mu tsayar da shi a gaban iyayen yaran nan ya faɗa musu dalili, kafin ya buɗe bakin jakarsa.